Shekarar da Baba Ya Zama Shomer

Kun sha jin labarin nan a bakin kawunanku, suna ba da shi suna dariya har da riƙe ciki, wai kakanku ya taɓa yawo cikin Gaya da takarda a aljihu yana gaya wa mutane Nasara ya naɗa shi shomer. Kun kuma ji ana cewa ni na yi wasa da aikin mota, shi ya sa sa'o'ina suka zama masu kamiyo, ni kuwa na ƙare da dako. Duk wanda ya gaya muku haka, ko dai ba ya nan lokacin da abin ya faru, ko kuwa yana nan amma cikinsa a ƙoshe. Aji huɗu na yi a lakwal, rubutuna ba mai kyau ba ne, amma ya isa in ajiye muku abin da na gani da idona.

Baba ɗan dako ne a bakin ruwa. Lokacin ba a gama gada ba, duk kamiyon da ya taso da gyaɗa daga Maraɗi ko Damagaram sai ya biyo ta Dosso ya sauko Gaya, ya shiga layi yana jiran bak, jirgin fiton da ke haye da motoci zuwa Malanbil. Kamiyo mai nauyi ba ya hawa bak da cikakken kaya. Sai an rage masa, a zuba buhunan cikin kwale-kwale, a ƙetare, a sake lodawa a wancan gefen. Wannan saukewa da lodawa ita ce tuwon gidanmu da na gidaje masu yawa. Kafin gyaɗa Baba ya ɗauki gishirin Foga, ya ɗauki goro, ya ɗauki fatu masu warin da ke bin mutum har masallaci. Shekara talatin yana yi, ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a gida ba. Inna tana suyar kifi da ƙosai a nan bakin ruwan, ƴan dako da shofarori su ne kasuwarta. Ni kuwa ina da shekara ashirin da ƴan kai, ban daɗe da auren uwarku ba, ina aparanti, wato yaron mota, a kamiyon wani kamfani, kuma shofer ɗina ya yi mini alkawarin in rani ya yi zai kai ni Yamai in ci parmi, takardar izinin tuƙi.

Da yake kamfani ne, doka ta tilasta musu su yi wa kowane ma'aikaci karne. Wani ɗan littafi ne mai bango launin ƙasa, ba hoto a ciki, sai tampo, wato hatimi, da dangwalen yatsa da bayanin aikin da mutum yake yi. Wanda ya cika nawa ya bi tsarin Nasara, su da suke sa sunan uba a gaba. Ya rubuta MAMANE da manyan baƙaƙe, sannan ya maƙala Issa ƙanana a gefe, kamar ni ne ɗan rakiya. Ran da aka ba ni na yi dariya, na jefa shi cikin akwati.

Sai shekarar da gyaɗa ta yi kwantai. An ce can ƙasar Nasara kuɗinta ya faɗi, kamfanoni suka tsuke hannu. Mu ba mu ga faɗuwar ba. Abin da muka gani shi ne layin kamiyon da ke kaiwa har bayan kasuwa ya koma uku, ya koma ɗaya, wata rana bak ya wuni ɗaure babu wanda ya taɓa igiyarsa. Kamfaninmu ya ajiye motocinsa ya sallame mu. Ga shi damina ba ta yi kyau ba, mutanen Bana da na ƙauyukan gefen Jinju suka kwararo gari neman dako, saboda haka in Allah ya kawo mota guda sai ka ga mutum arba'in a kan buhu goma, kowa yana karya farashin ɗan'uwansa. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya suka fara zagin iyayen juna. Inna ta daina hura wuta, ta ce man da take zubawa ya fi masu saye yawa.

Da farko Baba bai yarda wani abu ya canza ba. Kullum da asuba zai ɗauki gammonsa ya tafi, ya dawo da azahar riga ba gumi. Daga baya ya daina zuwa, ya koma gyaran abin da bai lalace ba. Ya kwance dannin gida ya sake ɗaurewa. Ya sake wa turmi gindi. Abincinsa ya ragu, tarin da yake yi tun shekarun ƙurar gishiri ya ƙaru, gwiwarsa ta hagu ta kumbura kamar an cusa mata ƙwarya. Wata rana da hantsi muna tsakar gida, Inna tana tsince ƴar shinkafar da ta rage, ya yi magana bai dubi kowa ba.

"Ranar kasuwa ta sama zan bi samarin nan zuwa Kumasi. An ce can kaya ke neman mai ɗauka."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, da wace gwiwar?"

"Da wadda ta ciyar da ke shekara talatin."

"Ai a ciyarwar ta ƙare."

"To in zauna in yi mi? In riƙe miki faifai?"

Na ce, "Baba, ni sai in tafi."

"Kai kana da mata sabuwa, kuma ba ka san kaya ba. Kwana uku za ka yi su aiko mana da rigarka."

Kun san tafiyar Kumasi a wancan zamani ba irin ta yanzu ba ce. Rabi a ƙafa ake yi, ana kwana inda dare ya yi. Saurayi yakan isa a rame. Tsoho mai tari da gwiwa ɗaya, kowa a gidan ya san ba zai isa ba, in ma ya isa ba zai dawo ba. Shi ma ya sani. Ya gwammace a binne shi a hanya da a gan shi zaune. Mutum ne da babu zagin da ya fi ƙi irin a ce wane ba shi da aikin yi.

Cikin satin nan mai shela ya zaga gari, ya ce kumandan ya buɗe littafi a biro domin waɗanda suka rasa aiki. Wanda aka rubuta zai riƙa zuwa kowace safiya a kira sunansa ya amsa, a tura shi shantiyen gyaran hanya, ƙarshen sati a auna masa hatsi. In kuma aiki ya dawo, su za a fara kira. Na tafi ni kaɗai in ji yadda abin yake. Mai rubutun wani komi ne, wato akawu, ɗan Dahome, siriri, mai tabarau, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Irinsu Mushe ake ce musu, kiran girmamawa ne na Faransanci. Na gaya masa ubana nake so a rubuta.

Ya ce, "Ina karnensa?"

"Ba shi da shi, Mushe. Ɗan dako ne."

"To ina shaidar ya taɓa aiki?"

"Duk Gaya shaida ce. Ka dubi ƙeyarsa ma kawai."

"Ba a buga tampo a ƙeya." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ka ji, ba ni na yi dokar ba. Wanda bai taɓa samun aiki a takarda ba, ba zai rasa aiki a takarda ba. Kai kana da karne?"

Na ce ina da shi. Ya ce to ni shomer ne, in kawo a rubuta ni. A nan na fara jin kalmar da kyau, na kuma gane ma'anarta, marar aiki. Har yau in na tuna dokar nan raina yana ɓaci. Duk ƴan dakon bakin ruwa, da masu kwale-kwale, da mata masu suya irin Inna, babu mai karne ko ɗaya. A littafin biro su ba su rasa komai ba. Wanda ya zauna can nesa ya tsara abin, ya tsara shi ne don mutanen da ya riga ya sani, mu ƴan tsirarun da muka taɓa wucewa ta gaban teburinsa.

Na dawo gida na buɗe akwati, na daɗe ina kallon manyan baƙaƙen nan. Uwarku tana daka a bayan ɗaki. Kun san ita ƴar Dandawa ce ta Tunuga, lokacin Hausarta ba ta nuna ba, namiji da mace duk "shi" take ce musu. Na gaya mata abin da nake shirin yi. Ta tsayar da taɓarya.

"Littafi naka, ka ba Baba. Kai kuma fa?"

"Ni sai in bi yayyenki kamun kifi."

"Kai ba ka iya ruwa."

"Zan koya."

"Mota fa, shi ya tafi ke nan?"

Na ce mota ba za ta gudu ba, in abubuwa sun daidaita sai in karɓi abina. Haka na zata da gaske. Ta dube ni ta ce kala suru, wato sai haƙuri da harshensu, ta ci gaba da dakanta.

Na iske Baba a zaure bayan la'asar yana ɗinke bakin jakar da zai yi tafiya da ita. Na durƙusa na ce masa sunansa ya fito a biro. Shi ajami ya sani, boko kuwa ko harafi ɗaya. Na buɗe shafin farko na ɗora yatsa a kan manyan baƙaƙen, na karanta masa su a hankali, babban yatsana yana rufe da sauran.

Ya ce, "Mamman dai nawa?"

"Naka, Baba."

"Mi suka ce na yi?"

"Ba laifi ba ne. Sun sa ka cikin shomer."

"Shofer? Ni da ban taɓa riƙe kan mota ba?"

"Shomer, Baba. Daban ne." Na ci gaba. "Ma'aikaci ne wanda gwamnati ta san aikinsa, sai ta riƙe shi a hannu don kada wani gari ya ɗauke shi. Kullum za ka je ka nuna kana nan. In babban aiki ya taso, ku ne na farko."

Can ya ce, "Wa ya gaya musu aikina?"

"Wa bai sani ba?"

Ya ajiye basilla. Ya goge tafin hannunsa a riga, gaba da baya, sannan ya karɓi littafin da hannu biyu. Ƴaƴana, na yi ƙarya da yawa a rayuwata, wasu don ciki, wasu don tsoro. Wannan ce kaɗai har yau ban san ko in nemi gafararta ba.

Ranar kasuwa samari suka tafi Kumasi ba da shi ba. Washegari na raka shi biro, na tsaya bakin ƙofa. Komin nan ya buɗe karnen, ya dubi shekarar haihuwa, ya dubi farin gemun Baba, ya hango ni. Sai ya ce da Faransanci, kamar da kansa yake magana, yunwar bana tana saurin tsufar da mutane. Ya buga tampo. Da yamma ya tare ni a hanya ya ce in kumandan ya gano, gidan kaso ne, ni ne kuma zan fi daɗewa a ciki tunda ni na san karatu, shi kuwa bai taɓa ganina ba.

Na koya wa Baba yadda ake amsa kira. In an ce Mamane, ya ce pirezan, wato ga ni. Ya wuni yana maimaitawa a tsakar gida, Inna tana tsokanarsa. Ta leƙo daga madafa ta ce, "Mamane," ya ce, "Ke, ba wasanki ba ne, aikin gwamnati ne." Ta sake kira, ya amsa, duka biyun suka fashe da dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin motoci su tsaya. Kowace safiya zai sa rigarsa ta Juma'a, ya je ya amsa, in an isa shantiye ya tuɓe ta ya ninke ya ɗora bisa dutse, ya shiga ɗaukar kwandon jar ƙasa yana ɗingishi, yana yi wa samari gorin sanyin jiki. Cin abincinsa ya dawo. Ranar da ya kawo awon hatsi na farko, da kansa ya juye wa Inna a ƙwarya. Ni kuwa ina Tunuga rabin sati, ina jan taru da surukaina, ina amai a kwale-kwale suna yi mini dariya.

Laifina shi ne ban hana shi faɗa ba, don ban san yadda zan hana shi ba. Duk wanda ya tambaye shi ya fasa Kumasi, sai ya dafa aljihu ya ce ai gwamnati ta riƙe shi, shomer ne shi yanzu. Yawancin mutane ba su san kalmar ba, suka yi masa barka. Ƴan lakwal da masu aikin biro suka sani, suka riƙa gaishe shi da ita suna ƙunshe dariya. Biyu daga cikin kawunanku da ke ba ku labarin nan suna cikinsu. Na kama ɗaya a lungu na shaƙe shi, bai hana komai ba.

Wajen wata biyu ana haka. Wanda ya fasa ƙwan wani tsohon soja ne Bazabarme, abokin Baba tun suna samari, kuma ba da mugunta ya yi ba. Ya ga yara suna bin Baba da kiran sunan a kasuwa, ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya, shomer shi ne wanda ba shi da aikin yi, ba wata sarauta a ciki. Ina gida ranar, ina gyaran taru a inuwa, rana tsaka. Baba ya shigo bai yi sallama ba. Ya miƙo mini littafin.

"Karanta mini. Duka. Ka ɗauke yatsanka."

Na karanta. Mamane Issa, aparanti shofer, da sunan kamfanin da ya sallame ni.

Ya ce, "Ashe ma naka ne."

"Nawa ne, Baba."

"Gobe zan mayar musu. In gaya musu ni ban taɓa zaman banza ba, kuma ban taɓa cin hatsin wani ba."

"In ka mayar, kulle ni za su yi."

Inna ta fito ta tsaya bakin ɗaki da ludayi a hannu. Baba ya daɗe tsaye. Tari ya taso masa, ya jira ya lafa.

"Ka yi mini ƙarya don in zauna."

"E, Baba."

"Da ka faɗa mini gaskiya da na tafi."

"Shi ya sa."

Ya karɓi littafin ya shige ɗakinsa. Na ɗauka da safe za mu iske jakarsa ba ta nan. Da gari ya waye sai ga shi ya fito cikin rigar Juma'a. Akwai hanyar bayan gari da ke kaiwa biro, ba ya haɗuwa da kowa in ya bi ta. Ta tsakiyar kasuwa ya bi. Yanzu kowa ya san ya sani, saboda haka ba a ƙara ɓoye dariyar ba, mahauta da masu goro suna ɗaga murya, Shomer an fito, Shomer ina kwana. Yana amsa gaisuwar kowa kansa a miƙe. Na bi shi daga nesa na laɓe bayan katangar biro, na ji an kira sunan, na ji ya ce pirezan da ƙarfin da ya fi na kullum. Haka ya yi har damina ta wuce, ba fashi ko na rana ɗaya, don kada a buɗe littafin a yi tambaya. Ni kuwa in na gaishe shi zai amsa, daga nan ba ƙari. Cikin watannin nan labari ya zo cewa wani sa'ansa da ya bi samarin an binne shi a Jugu, ko rabin hanya bai kai ba. Baba ya je gaisuwa ya dawo.

Bayan kaka kasuwar gyaɗa ta fara motsi, motoci suka soma dawowa ɗaya-ɗaya. Abin da ya faru a biro ranar ƙarshe komin ne ya ba ni labari daga baya. Wani sabon kamfani ya aiko yana neman aparanti masu karne, da sharaɗin duk wanda ya yi rani ɗaya za a kai shi ya ci parmi. Mataimakin kumandan, wani Bature matashi, shi ya zo da kansa yana kiran sunaye daga littafi. Ya kira Mamane Issa. Baba ya fito gaba. Baturen ya dube shi sama da ƙasa, ya sa a tambaye shi ko shi ne aparantin. Baba ya ce shi ne. Aka ce to ga mota, gobe za ta tashi zuwa Maraɗi. Komin ya ce ya ga Baba ya juya yana duban ƙofa kamar mai neman wani. Ina Tunuga ranar. Ko da ina nan ma, me zan ce? Sai Baba ya ce a gaya wa Bature ya tsufa, idonsa ba ya ganin hanya. Dokarsu kuwa wanda aka ba aiki ya ƙi, a soke shi. Aka ja jan layi a kan sunan, aka riƙe karnen. Sau biyu daga baya na nemi sabo, sau biyu aka buɗe littafin nan aka ce mai wannan suna ya ƙi aiki. Waɗanda suka hau motocin ranar su ne alhazan da kuke gaisarwa yanzu a tasha. Baba kuwa ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, ya ga haihuwar uku daga cikinku, ya rasu a ɗakinsa Inna tana riƙe da kansa.

Ranar da aka kira sunan, da la'asar na dawo daga Tunuga da ɗan kifi a jakar kaba, ban san komai ba. Na iske shi zaune a tsakar gida bisa tabarma, bai ko tuɓe rigar ba. Na gaishe shi zan wuce, ya ce in zauna. Na zauna a ƙasa, nesa kaɗan, yadda na saba.

Ya ce, "Sun kira Isa yau."

Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar.

"Mota ce. Da parmi a ciki. Na ce musu na tsufa."

Na gane duka a take. Na dubi ƙasa, na ce, "Ba komai, Baba."

Ya ce, "Da komai."

Inna ta kawo masa tuwo ta ajiye, ta juya za ta ɗauko nawa a kai mini ɗaki. Ya ce ta bari. Ya jawo kwanon zuwa tsakiyar tabarma, ya tura mini ruwan wanke hannu.